Takardun Malam Kefas

A gafarce ni. Ban kai in ɗauki alƙalami in rubuta labarin malami ba, balle malamin da ya shekara arba'in da shida yana koya wa mutane yadda ake riƙe alƙalamin. Sau uku ina yage shafin farko kafin wannan ya tsaya. In an ga kuskure, nawa ne. Shi kam ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ga dai yadda abin ya kasance.

Kwana tara da binne Malam Kefas, ɗakinsa na gidan Kurmin Mashi a Kaduna bai daina ƙanshin alli ba, ko da yake rabonsa da aji ya kai shekara goma sha biyar. Ƙarshen damina ne, ranar Asabar, a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Ladidi, jikarsa 'yar shekara goma sha shida, tana zaune a bakin ƙofar ɗakin da littafi buɗe a cinya, amma ba karatu take yi ba. Kawunta Yakubu, akawu a wata ma'aikata, mutum mai son ganin komai a kintse, ya riga ya share ɗakin fes tun jiya. Gadon ya fita, tsohon keken yana jingine a tsakar gida, tayoyinsa a sace.

Sai aka yi sallama da wata siririyar murya.

Tsohuwa ce ƙarama, da sandar kara a hannu, yanar tsufa ta rufe mata idanu har sun yi fari-fari. Ladidi ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Kawu Yakubu ya fito yana gyara wuyan riga, ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Inna."

"Yauwa, ɗan nan. Ya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya saka masa da abin da ya yi mana." Ta kurɓi ruwa. "Sunana Delu. A Tudun Maje na zauna da maigidana shekara ashirin, can inda Malam ya yi koyarwa. Yanzu ina Hayin Banki wurin ɗan ƙanena. Ashe Malam na nan kusa da ni duk shekarun nan, ban ji ba sai jiya, da wani ɗan garinmu ya ce mini an kai shi. To, na zo gaisuwa, na kuma zo karɓar ajiyata."

Kawu Yakubu ya dubi Ladidi, ya dubi tsohuwar. "Inna, Baba bai ce mana akwai ajiyar kowa a hannunsa ba."

"Takarda ce, guda ɗaya. Tana cikin koren akwatin ƙarfe. Ya ce duk ranar da na so, in zo."

Ladidi ta ɗago kai. Ta san akwatin. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, Kaka yakan jawo shi daga ƙarƙashin taga, ya ce, "Uwargida, ajiye littafin nan ki zo ki gaida baƙi." Sai ya dinga zaro takardu ɗaya bayan ɗaya, yana dariya shi kaɗai. Al'adarsa ce tun ranar da ya fara koyarwa a ƙauye: duk wanda ya zo ajinsa, yaro ko babba, ba ya fara masa da a, ba, ca. Tambayarsa yake yi, "Wace kalma kake so ka fara gani da idonka?" Abin da mutum ya faɗa, shi zai rubuta masa a ƙasa da yatsa, mutum ya yi ta kwaikwaya har hannunsa ya faɗa, sannan ya juya a takarda da fensir. Wannan takardar ta farko ita Malam yake karɓa ya adana. Bai taɓa sa sunan mai ita a jiki ba. Ya ce ya san hannun kowa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.

Kawu Yakubu ya sosa ƙeya. "Inna, wallahi ban sani ba. Zane-zanen yara na gani, gara ma ta fara ci. Takardun shaidarsa na ajiye, da Littafi Mai Tsarki, da hotonsa. Sauran kuwa jiya da yamma na ba Kande mai ƙosai, ta riƙa naɗe wa mutane."

Delu ta lalubo sandarta, ta ɗora a cinya, ta shafa ta daga sama har ƙasa.

Ladidi ba ta magana a gaban baƙi. Ko a aji in malama ta kira ta, sai amsar ta maƙale mata a wuya, alhali ta san ta. Saboda haka ita kanta ta yi mamakin jin muryarta.

"Kande ba ta ɗora suyar yamma sai la'asar."

Suka fita, hannun Delu a kafaɗarta, mara nauyi kamar busasshen ganye. An yi ruwa da asuba, hanyar ta yi laushi, kududdufai suna riƙe da guntayen sama. Tafiyar tsohuwa ce, taku uku a tsaya, kuma a kowace tsayuwa sai Delu ta ɗan buɗe wani abu.

Ta ce lokacin Yaƙi da Jahilci ne. Malam yana koyar da yara da safe, da yamma ya buga guntun ƙarfen dogo da ya rataya a reshen ɗorawa, mata su fito da tabarminsu. Wasu mazan suka hana, sai ya bi su gona ɗaya-ɗaya, ya karɓi fartanya ya taya su noma kunya biyu kafin ya kawo maganar. Shi ya tara gari aka haƙa rijiyar bakin kasuwa. Shi yake rubuta wa kowa wasiƙa, ya kuma karanta amsar a hankali, in akwai mugun labari ya fara aika a kira 'yan uwa. A kan keken nan ya sha goya marasa lafiya zuwa asibitin mishan, Musulmi da Kirista da wanda ba ya ko ɗaya.

"Ran da na fara zuwa, ya bi mata yana tambaya. Wannan ta ce gishiri, waccan ta ce zobe. Da ya iso kaina, sai na kasa. Na dai nuna da haɓa, can wajen kututturen da yaron nan yake zama da safe. Malam ya dubi kututturen, ya dube ni. Ya durƙusa ya rubuta a ƙasa. Doguwar aba, ɗiyar nan, kamar jerin tururuwa. Kwana goma sha tara ina fama."

"Wane yaro, Inna?"

"Nawa. Ya shiga soja a shekara ta biyu ta yaƙin basasa. Ba gawa, ba wasiƙa, ba hoto."

Suka ratse wa wani mai kura ya wuce.

"To, mene ne sunansa? Don in san abin da zan nema."

Delu ta tsaya cak. "Ke ɗiyar nan, a birni aka haife ki ko? Ɗan fari ne fa."

Kunya ta rufe Ladidi. Ta sani sarai uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta ko nuna ta damu da shi. Ta karanta haka, ta kuma gani a maƙwabta. Ba ta dai taɓa tunanin abin zai iya tsaya mata a hanya kamar katanga ba.

"Sau ɗaya na taɓa kiransa," in ji Delu, suna ci gaba da tafiya, "kuma da hannu ne. Yanzu baƙaƙen sun gudu daga kaina, idon ma ya tafi. Ke dai karanta. Ina da kunne."

Kande tana suya a gindin wani babban mangwaro a bakin titi, inda manyan motoci suke tsayawa direbobi su huta. Bakanuwa ce mai jiki, mai murya, ba ta raga wa kowa. Sun same ta ta hura wuta, ta ɗora kasko, tana buga ƙullu. Kwandon takardun yana gefen ƙafarta, kuma ko daga nesa Ladidi ta ga ya yi rabi.

Da ta ji bayani, Kande ta saki muciya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ni kuwa da safe nake yabon takardun nan, na ce sun fi jarida, ba sa shafa wa ƙosai baƙi. Ashe karatun mutane nake rabawa da yaji. Zauna, Iya, zauna a bencin nan. Ke kuma 'yar boko, ga kwando, ki yi ta tono."

Ladidi ta durƙusa. Takardu iri-iri ne: yagaggen buhun siminti, bayan kalanda, shuɗiyar takardar sukari, shafukan littafin rubutu da suka koma ruwan ƙasa. A kowace, kalma ɗaya tak, da manyan baƙaƙe masu rawa. Ta ɗauki ta farko.

"Ruwa," ta ce.

"Me ta ce?" in ji Kande. "Ɗaga murya, yarinya, ko sauro ya fi ki amo."

"Ruwa."

"Shekarar fari ce wannan," in ji Delu. "Wuce."

"Nama."

Delu ta yi dariya har da tari. "Ɗanladi ɗan Sarkin Pawa! Gidansu nama, bakinsa nama, karatunsa ma nama."

"Jirgi. Saniya. Inna. Allah. Keke."

"Duk yaran garin keken Malam suke so. Wuce."

"Damisa. Gero. Yesu. Tsakiya. Makka."

Tun tana jin muryarta kamar ta wani, har ta daina jin ta. Kalmomin suka riƙa fitowa da kansu, kowace da ƙurar garinta. Ladidi ba ta taɓa zuwa Tudun Maje ba, amma ga shi yana tasowa a hankali daga cikin kwandon: ɗorawar da ƙarfen dogo yake lilo a jikinta, rijiyar da guga yake sauka yana waƙa, mata a jere kan tabarmi da goyo a baya, harsunansu a waje don tsananin kula. Ga wani dogon mutum siriri yana bin su a durƙushe, gwiwoyin wandonsa sun yi ja da ƙasa. A wannan takardar saurayi ne mai baƙin gashi, a ta gaba furfura ta fara, a ta gaba kuma yana dafa gwiwa kafin ya miƙe, amma tambayar ba ta canja ba. Hayaƙin murhu ya bi ta cikin ganyen mangwaro, rana ta ratso shi zara-zara. Can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka, ta rasa ko a Kaduna ne ko a takardar da ke hannunta.

Ba ta lura da lokacin da mutane suka taru ba. Leburori biyu da suka taso daga aikin gini, mai shayin tsallake, wata malamar asibiti da farar hula, mata masu jiran ƙosai da kwanoninsu. Kande tana suya, amma ba wanda ya miƙa hannu. In kalma ta yi daɗi a yi dariya, in ta yi nauyi a yi shiru. Da aka karanta "haƙuri", wata mata ta ce, "Wayyo, wannan ko me ya same ta?"

Akwai sunaye kuma. Duk sanda Ladidi ta ga suna, sai ta rage murya ta saci kallon Delu.

"Bawa."

"Ɗan Magajiya ne, sunan kansa ya zaɓa, mai son kansa."

"Halima."

"Wani ne ya rubuta don budurwa. Ba ta aure shi ba."

"Alhassan."

"Wuce."

Yatsunta suka taɓa gindin kwando. Ta lalube shi, ta kife shi, ba abin da ya faɗo sai ɓurɓushin da gara ta bari.

Delu ta gyara mayafinta, ta jawo sanda.

"To, Allah bai yi ba. Sannunku da wahala."

"Haba Iya," in ji Kande. "Ki faɗi sunan mana, yarinyar nan ta rubuta miki sabuwa fil, da kyakkyawan rubutu. Duk nan wa ya san ki? Raɗa mini a kunne ma."

"Yana raye bakina bai yi ba, sai yanzu? Kuma sabuwa ai hannunta ce, ba nawa ba."

Ta yunƙura za ta tashi. Ladidi ta dubi kwandon, ta dubi titi. Rabin takardun sun tafi da ƙosan safe, amma ƙosan safe ba ya nisa. A nan ake cin sa, a tsaye, a jefar da takarda. Ta san abin da ya kamata a yi, ta kuma jira wani babba ya faɗa. Ba wanda ya faɗa. Sai ta taka turmin Kande da ke kife, ta hau.

"Don Allah," ta ce. Ba wanda ya ji. Ta rufe ido. "Don Allah jama'a! Duk wanda ya sayi ƙosai yau da safe, ina ya jefar da takardarsa?"

Sai mai shayi ya ce, "Ai ƙarƙashin teburina cike yake da su," ya tsallaka titi da gudu. Leburorin suka bi bakin kwata suna tsinta. Malamar asibiti ta tattare farin siket ɗinta ta shiga bayan wani kanti. Wata mata ta kori akuya da ke tauna wani abu, ta ƙwato rabi, aka kawo wa Ladidi, ta karanta "tuw", kowa ya fashe da dariya ya ƙarasa mata. Takardu suka riƙa zuwa a cukurkuɗe, jiƙe da mai, wasu da jan yaji a jiki. Ta miƙar da kowace a gwiwarta.

"Wata. Doki. Aishatu. Lagos."

"Wuce," in ji Delu, muryarta tana ƙara yin ƙasa.

Hayaniyar ta tashi wani direba da ke barci a inuwar motarsa, Ila, Bazamfare mai jan ido. Ya taso yana miƙa.

"Kande, lafiya? Ko kin zuba wa mutane wani abu a ƙullu ne, suke tsintar shara?"

"Rufe mana baki, sarkin barci. Kai da ka ci na mutum uku da safe, ina takardarka?"

"Na goge madubin mota da ita."

"Ɗauko ta, ko gobe ka ci taya."

Ya tafi yana gunaguni, ya buɗe ƙofar mota, ya laluba ƙarƙashin kujera, ya dawo da wani dunƙulallen abu ya miƙa da yatsu biyu. Takardar buhun siminti ce. Mai ya ratsa ta har ta zama kamar fatar albasa, ba a ganin komai. Ladidi ta warware ta a hankali, ta ɗaga ta saitin rana. Sai baƙaƙen suka fito, dogon jeri, suna hawa suna gangara, an danna fensir har ya kusa huda takardar. Wajen ƙarshe wuri ya ƙare wa mai rubutun, ta lanƙwasa sauran zuwa ƙasa.

"Abdurrahim."

Kowa ya juya ga benci, ana jiran a ji ɗan wane ne, ko a ji "wuce".

Delu ba ta ce ɗan wane ne ba. Ba ta ce a wuce ba. Ta kawar da fuskarta wajen titi, inda ba abin da take iya gani, ta ja mayafi ya rufe mata rabin kunci. Can ta ce, "Kande, man nan naki ya fara ƙonewa."

"Ya fara, Iya," in ji Kande, ta juya wa jama'a baya tana goge ido da gefen zani. "Itacen nan ɗanye ne, hayaƙi kamar me."

Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai, kowace ta sami abin dubawa a cikin kwanonta. Ila ya buɗe baki zai yi tambaya, malamar asibiti ta taka masa ƙafa.

Ladidi ta tsaya da takardar a hannu. In ta miƙa, ta tilasta wa tsohuwar karɓa a gaban mutane. Sai ta sauko daga turmin, ta zauna a ƙarshen bencin kamar mai hutawa, ta ninke takardar biyu, ta ajiye a tsakaninsu, ta tashi ta koma wajen kwando tana tattara sauran. Ta wutsiyar ido ta ga busasshen hannun yana tafiya a kan katako, a hankali, kamar ba da sanin mai shi ba. Ya taɓa takardar, ya tsaya. Ya rufe ta. Da Ladidi ta sake dubawa, bencin ba komai, Delu kuwa tana ƙulle haɓar zaninta, tana tambayar mai shayi ko hadarin gabas ɗin nan zai zubo.

Daga nan wurin ya ɓarke da magana. Kande ta kwance ɗankwalinta na sama ta zube takardun a ciki, masu mai da marasa mai, ta ce ita da kanta za ta mayar wa Yakubu, ta kuma faɗa masa magana biyu. Aka aika gidan tela a nemo tsohuwar jarida don naɗe ƙosai. Ila ya ce ta unguwar Kawo zai bi, zai sauke Iya a Hayin Banki har ƙofar gida, a gaban mota kuwa, ba a baya ba. Ɗaya daga cikin leburorin ya ce shi da ya sami irin wannan malami, da "Katsina" zai ce. Ɗayan ya ce ƙarya yake, "tuwo" zai ce, sai dai akuya ta riga shi.

"Kai fa, Ila?" in ji Kande.

"Ni? Bari in yi tunani. Abin ba na gaggawa ba ne."

"Barci zai ce!" in ji Kande.

Ana cikin dariyar Ladidi ta ja da baya taku ɗaya, ta ƙara ɗaya, har gindin mangwaron ya shiga tsakaninta da su. Yatsunta suna ƙanshin man gyaɗa. Ta zagaya ta bayan motar Ila, ta bi siririyar hanyar da ta ratsa gonar masarar wani, ganyaye suna rufewa a bayanta.